Na Roƙi Ɗalibaina Su Faɗi Aibina

Edita, ina gaishe ka tare da masu bin wannan shafi. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko maka, kullum in ce nawa bai kai a rubuta ba, tunda babu wanda ya mutu a ciki, babu wanda aka ɗaure. Amma kwanan nan na ji ana ta yabon tsarin nan na raba wa ɗalibai takarda su auna malamansu, sai abin da na binne ya taso mini. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da na makarantar.

A tsakiyar shekarun dubu biyu ni ƙaramar malama ce a wani sashe na wata babbar makaranta a Samaru. Ban kai talatin ba, ban yi aure ba, ina zaune da iyayena a Sabon Gari. Kullum da safe in bi bas ta Kwangila, in ta maƙale a can in sauka in hau acaɓa. Aikin wucin gadi aka ɗauke ni, ana sabunta mini takarda duk shekara, kuma a wannan shekarar ce za a duba fayil ɗina a ga ko za a tabbatar da ni ko a sallame ni. Ba ni da wani buri a duniya da ya wuce wannan. Mahaifina tsohon malamin firamare ne mai hidima a cocinmu, kuma ya gama shelanta wa unguwa cewa 'yarsa lakcara ce. Halina kuwa, in faɗi gaskiya, ba mai sauƙi ba ne. Bakina ba ya iya shiru, ga shi ina ganin duk abin da ya lalace a makarantar nan jirana yake in zo in gyara.

A sashenmu akwai wani babban malami da kowa ke kira Dakta. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Mutum ne mai fara'a, mai tsabta, in ka gaishe shi sai ya tambaye ka mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Amma in ya taho ta baranda, ɗaliban da ke hira sai su yi tsit har ya wuce. Shi ke riƙe da sakamakon jarrabawar sashen gaba ɗaya, duk makin da malami ya bayar ta hannunsa yake bi. Aji kuwa sai ya ga dama yake shiga, in ya shiga ya karanta musu wasu tsofaffin takardu da suka yi ja don daɗewa, ya fita. An san cewa ɗalibin da ya yi masa tambayar da ba ta yi masa daɗi ba yakan maimaita kwas ɗin, wani ma ya ƙara shekara, kuma ba wanda ya taɓa iya nuna inda aka yi masa ba daidai ba. Kowa ya san wannan, ba mai faɗa.

Ana cikin haka aka tura ni wani taron bita a Kaduna, inda aka koya mana yadda ake jin ra'ayin ɗalibai kan koyarwa. Takarda ce mai tambayoyi, ba a rubuta suna. Ko malami yana zuwa kan lokaci, ko ana gane bayaninsa, ko yana karɓar tambaya, da sauransu. Kowace tambaya ɗalibi zai ba da maki daga ɗaya zuwa biyar, a ƙasa kuma akwai fili ya rubuta abin da ke ransa. Na dawo Zariya kaina ya ɗauki zafi. A raina na ce ga maganin Dakta ya zo, tunda ba suna, yara za su amayar da abin da ke cikinsu, ni kuma da nake zama da su har bayan lakca ina yi musu bayani, ai ba ni da abin tsoro. Ba zan ɓoye ba, har da son a gan ni a cikin lamarin.

A taron malaman sashe na kawo maganar. Na yi bayani mai tsawo, na raba samfurin takardar. Shugaban sashe, dattijo ne mai gudun rigima, ya tsura wa teburinsa ido. Ni Dakta nake jira ya tashi ya rushe maganar, har na shirya amsoshin da zan ba shi. Sai ya yi murmushi ya ce wannan shawara ce mai kyau, irin jinin da sashen ke buƙata ke nan. Sannan ya ƙara da cewa bai kamata a yi abin don ado ba. In da gaske ake, to sakamakon ya shiga fayil ɗin kowa, a riƙa duba shi wajen ƙarin girma da wajen tabbatar da aiki. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ko ba haka ba, 'yata? Ai ba ma tsoron abin da yaranmu za su faɗa." Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Aka rubuta, aka amince. Wata malama da ke kusa da ni ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, na ɗauka kuskure ne, na janye ƙafata.

Da na koma gida na ba Baba labari ina ta ɗoki. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko mutumin da na ce ba ya son a yi masa tambaya shi ne ya nemi a sa abin a fayil. Na ce shi ne. Sai ya ce shi dai a shekarun da ya yi yana koyarwa bai taɓa ganin yaron da aka tambaya laifin malaminsa ya faɗa ba, domin tun a gida ake hana shi. Na yi dariya na ce Baba, zamaninku daban, waɗannan manyan ɗalibai ne, wasu ma da 'ya'yansu. Ya ce to, Allah ya sa. Yadda ya faɗi hakan bai yi mini daɗi ba, amma na share.

Aka tsara yadda za a yi. Kusa da ƙarshen zango, kowane malami zai kai takardun ajinsa, ya fita, wakilin aji ya tattara ya liƙe a ambulan ya kai ofishin shugaban sashe. Ajin da na fi koyarwa 'yan shekara ta uku ne, kuma su ɗin ne Dakta yake ɗauka a wani kwas. Wakiliyarsu wata yarinya ce 'yar Palladan, mai natsuwa, mai ƙoƙari, wadda na ɗauka tamkar ƙanwata. Ranar da aka zo kaina, kafin in fita sai da na yi musu wa'azi. Na ce ban kawo takardar nan don a yabe ni ba, wanda duk ya cika mini biyar daga sama har ƙasa ya yi mini ƙarya, kuma ya cuce ni. Na ce biyar ta wanda ba shi da abin gyara ce, ni kuwa mutum ce, Allah kaɗai ne ba shi da aibi. Na roƙe su, har da haɗa hannu, kowa ya nemo aƙalla abu ɗaya da zan gyara ya rubuta. Suka yi dariya, wani daga baya ya ce Ma, kin tabbata? Na ce na tabbata.

Na fita na tsaya nesa. Ajin ya kaure da surutu kamar kasuwar Samaru, ana dariya, ana leƙa takardar juna. Sun daɗe ƙwarai, har wasu suka juya bayan takarda suna ci gaba da rubutu. Daɗi ya kama ni. Na ce ka ga yara sun samu bakin magana.

Bayan kwana biyu aka zo kan Dakta. Da gangan na bi ta wajen ajin. Yana tsaye can ƙarƙashin bishiya yana hira da wani, ko kallon ƙofar ba ya yi. Cikin ajin kuwa ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Na hangi kawunansu a sunkuye, ba mai duban na kusa da shi. Kafin in kai ƙarshen baranda har wakiliyar ta fito da ambulan a liƙe. Muka haɗa ido, ta gaishe ni da sauri ta wuce. Saurin da suka gama ya dame ni. Na lallashi kaina da cewa mai ɗaci a rai ba ya buƙatar dogon tunani, sun zuba masa ɗaya ɗaya ne sun tashi.

Kwamiti aka naɗa ya haɗa makin, ba ni a ciki, Dakta ma ba ya ciki, kuma har gobe ban yarda an taɓa ko takarda ɗaya ba. Makonnin da suka biyo baya ne suka fara ba ni tsoro. Wani malami da ke cikin kwamitin, wanda muka saba tsokanar juna, ya koma gaishe ni a tsaye yana duban agogo. Shugaban sashe in ya hango ni sai ya tuna yana da wani aiki. Dakta kuwa kirkinsa ya ƙaru. Har tsayawa ya yi da motarsa a bakin titi wata rana ina jiran bas, ya ce in shigo ya rage mini hanya. Muna tafe yana tambayata lafiyar Baba, yana cewa aikin koyarwa sai da haƙuri, kuma mace mai ilimi irina ba za ta rasa inda za ta yi aiki ba ko'ina ne a ƙasar nan. Ya sauke ni a Dogarawa. Na tsaya a bakin hanya ina juya wannan magana ta ƙarshe.

Ranar da aka karanta sakamako a taron sashe, daga sama aka fara. Dakta ne na ɗaya, kusan biyar cif a kowace tambaya, har da ta zuwa aji kan lokaci. Aka bi sauran malamai, kowa na kusa da biyar, har wanda ɗalibai ke yi wa laƙabi saboda barci a ofis. Ina ta jiran sunana, ana ta wucewa. Ni ce ta ƙarshe, kuma tsakanina da wanda ke samana akwai rata mai faɗi. Ba wanda ya dube ni. Na riƙe gefen kujera don kada in tashi in yi abin da zan yi nadama. Dakta ne ya yi magana, cikin tausayawa, ya ce kada a matsa mini, yarinya ce, kowa da irin baiwarsa. Sai dai tunda sashe ya riga ya amince a rubuce, ba shi da kyau a fara karya doka tun a karon farko.

Na bi shugaban sashe ofis na roƙe shi ya bar ni in ga takarduna. Ya miƙo mini, na zauna a gabansa ina karantawa. Uku, huɗu, uku, huɗu, da wuya ka ga biyar. A ƙasa kuma rubutu cike. Wai ina sauri in na yi nisa a bayani. Wai rubutuna a allo ƙanana ne, na baya ba sa gani. Wai ranar Litinin nakan makara. Wai in aka yi tambayar da na riga na amsa nakan ɗaure fuska. Wallahi babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Da yawa sun ƙare da godiya da addu'a, wasu sun ce ni ce malamar da suka fi ƙaruwa da ita, amma kwamiti lamba aka ce ya haɗa, ba addu'a ba. Na ce wa shugaban ya dubi rubutun mana, ya ga abin da yaran ke nufi. Ya ce ya gani, ya kuma gane, amma abin da zai tafi sama lamba ce, kuma ni da bakina na ce lamba ba ta son kai.

Ranar Asabar da yamma ina wanki a tsakar gida aka ce ina da baƙuwa. Wakiliyar ajin ce, ta sha hanya tun daga Palladan, idonta ya kumbura. Labari ya riga ya kai gare su. Muka zauna a zaure ta ba ni labarin abin da ban sani ba. Mako guda kafin a raba takardun, Dakta ya shiga ajinsu ya ba su aikin gida, ya ce da hannu yake so kowa ya rubuta, shafi biyu. Da ya karɓa sai ya tsaya yana ɗaga takardun ɗaya ɗaya, yana rufe sunan da yatsa, yana faɗin mai ita, bai kuskure ko ɗaya ba. Yana yi yana dariya, ya ce shi Allah ya ba shi baiwar gane rubutu, ko lamba mutum ya zagaye ya san hannunsa. Bai ambaci takardar jin ra'ayi ba ko sau ɗaya. A ranar suka haɗu suka yanke shawara kowa ya ba shi biyar, kada wanda ya rubuta komai a ƙasa. Sauran malaman kuwa, ta ce, ai ba a yi shawara ba, kowa ya ga ba tarbiyya ba ce ka zauna ka rage wa malaminka maki, ga shi ba ka san inda takardar za ta ƙare ba.

Na tambaye ta, to ni me na yi musu? Na yi tambayar da zafi, har na ga ta razana. Ta share hawaye ta ce, "Ma, ke kika roƙe mu. Kuma ke kaɗai ce muka san ko me muka rubuta ba za ki yi mana komai ba."

Na yi fushi da su, na yi fushi da kaina fiye da haka, kuma a ƙarƙashin fushin akwai wani tsoro da ban taɓa ji ba, domin a lokacin na gane cewa tun ranar taron farko mutumin nan ya san yadda abin zai ƙare. Ya san yaran fiye da yadda na san su. Bai yi ƙarya ba, bai saci takarda ba, bai ce a kore ni ba. Ni na kawo igiyar, ni na ɗaura, shi dai ya tabbatar an rubuta a takarda.

Yarinyar ta ce za su rubuta koke su sa hannu gaba ɗaya. Na san ba za a yi ba, kuma ba a yi ba. Jarrabawa ta matso, sakamakonsu na hannun wanda za su yi ƙara a kansa, wa zai fara sa sunansa? Mutum kaɗan suka yarda, da suka ga ba su da yawa suka janye, ban kuma ga laifinsu ba. Ni ma na yi ta zirga-zirga ofis ofis, ana ba ni kujera, ana ba ni haƙuri. Wani babba ya ce mini in aka soke sakamakon saboda ni, gobe duk wanda bai ji daɗin nasa ba zai zo. Bayan hutu takarda ta fito, gajeriya, an gode mini da hidimar da na yi, ba za a sabunta ba. Na kai wa Baba ita ya karanta da tabaraunsa, ya ninke ya miƙo mini, bai ce ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo ne ranar da na je kwashe littattafaina. A allon sanarwa na ga sabon jadawalin zango. Kwas ɗin da nake koyarwa, da wanda zan ɗauki yaran nan a shekararsu ta ƙarshe, duka an ba Dakta, an kuma ƙara masa duba ayyukan bincikensu na kammalawa. Dalilin a bayyane yake, shi ne malamin da ɗalibai suka fi gamsuwa da shi. Na tarar da 'yan ajin tsaye gaban allon. Wakiliyar ta matso ta karɓi kwalin da ke hannuna ta raka ni har bakin titi. Muna jiran bas ta ce mini a hankali, da hannunsu suka zaɓe shi. Daga baya na ji cewa ita ba ta fita tare da 'yan ajinta ba, sai da ta ƙara shekara. An ce an ga lokacin da ta raka ni. Ban san gaskiyar wannan ba, kuma ba yadda zan yi in sani.

Yau ina koyarwa a wata sakandare, na yi aure, ina da rufin asiri. Na rage sauri in ina bayani, ina rubutu manya a allo, na daina ɗaure fuska in an maimaita tambaya. Duk abin da yaran nan suka rubuta na yi aiki da shi, sai dai su ba su ci moriyarsa ba. Babbar makaranta kuwa ban sake samun shiga ba, domin duk inda na nema sai an tambayi dalilin barin wancan wurin.

Ban rubuto don in ce a daina tambayar ɗalibai ba. Suna da abin faɗa, kuma sun fi kowa sanin abin da ke faruwa a aji. Amma ina roƙon masu shugabancin makarantu, kada ku ɗauki lambar da yaro ya zagaye ku yanke wa malami hukunci da ita alhali makin yaron yana hannun wanda ake tambayarsa a kai. Rashin rubuta suna ba ya cire tsoro. Ku kuma ƙananan malamai masu zafin kai irin nawa a da, in kun kawo sabon abu kuka ga wanda ya kamata ya ƙi shi ne ya fara yaba muku, ku dakata ku sake tunani. In kuma an kawo muku malamin da aji guda ba a samu mai ganin aibinsa ko ɗaya ba, kada ku yi saurin tafa masa. Ku nemi ɗalibansa da suka riga suka karɓi takardar kammalawa, ku tambaye su. Nawa sun faɗi gaskiya tun suna tsakiyar karatu, aka sallame ni, su kuma aka bar su a hannun Dakta.